Garwashin Gidan Su Lantana

Masu karatu, yau kam ba zan wanke kaina ba. Ku da kuke ta cewa Tala baiwar Allah ce marar hayaniya, ku gyara zama, don abin da na aikata a daminar da Nijar ta samu 'yancin kai, har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Tala, 'yar Delu mai ginin tukwane a Gangara. Wanda ya hana ni sukuni kuwa Nomau ne, mai balangu a bakin kasuwarmu, dogo baƙi mai wushirya, wanda ba ya iya haɗa magana uku a gabana sai ya sosa ƙeya.

A wancan zamani ashana sai gidan mai hali. In wutarku ta mutu, tsingaro za ka ɗauka ka shiga maƙwabta ka ɗebo garwashi. Aikin mata ne, amma Nomau, ƙato da shi, kowace ranar kasuwa sai ya wuce gidaje bakwai masu hayaƙi ya yi sallama a namu da ɗan tsingaronsa, wai wutar gidanmu ta fi kama gawayi. Ya durƙusa ya gai da Inna, ita kuma ta yi ta tsokanarsa, ta ce ko wutar sauran gidajen ruwa ake dama ta da shi. Ni kuwa tun asuba na ware masa garwashin ƙirya, manya guda uku, na binne su cikin toka don kada kowa ya taɓa. Shekara guda cur muna haka. Ba mu taɓa yin wata doguwar hira ba, amma duk unguwa an san abin da ake ciki.

Gwaggo Hauwa, yayar Baba, ita ce ba ta ƙaunar zancen. Ita Haladu take so mini, wani mai fataucin gyaɗa zuwa Katsina, mai keke da agogon hannu da ba ya minti biyu bai duba ba. Duk ta shigo gidanmu sai ta taɓe baki ta ce yarinya kamar ni ba za ta ƙare a gidan da ƙuda ke rakiya ba. Baba dai sai ya yi ta saƙar igiyarsa.

Da bazara Nomau ya zo da wata magana. Ya ce ya gaji da gashi a ƙasa, iska na watsa wa nama rairayi. Ya ga wani abin gashi na ƙarfe wurin kukun kumandan, Baturen mulki, a Tasawa, yana so a gina masa irinsa da yumɓu. Ya tsuguna ya zana shi da tsinke a tsakar gidanmu: kasko mai zurfi kamar turmi, mai faɗin baki, da faranti mai huji-huji a ciki inda gawayi zai zauna, da 'yar ƙofa a gindi don iska, sannan a ɗora ragar ƙarfe a sama. Inna ta dube shi ta dube ni, ta ce bayanta na ciwo, Tala ta gina.

Wallahi ban taɓa zuba zuciyata a kan yumɓu kamar wannan ba. Na daka tsingaro na tankaɗe na cuɗa, na gina shi ɗauri-ɗauri cikin kwana biyar, na goge bayansa da dutse har yana sheƙi. A bakinsa na yi masa irin zanen da nake yi wa tukwanen da nake tarawa na ɗakina, kuma na san ya gane. Inna ta gasa shi kafin ruwan farko, ya fito ja wur, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Muka ajiye shi a rumfa ana jiran maƙeri ya gama ragar. Maƙerin ya shiga gyaran garemani da hauya, damina ta sauka, kasko yana zaune yana shan sanyi.

Sai kawai Nomau ya daina zuwa.

Ranar kasuwar farko na ce ko ba shi da lafiya. Na tsaya bakin darni ina leƙe ta wata kafa, sai ga shi da tsingaronsa. Murna ta kama ni. Yana zuwa daidai ƙofarmu ya sunkuyar da kai, ya ƙara sauri, ya faɗa gidan su Lantana.

Lantana fa! Ƙawata tun muna wasan ƙasa, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Wankan tarwaɗa ce, mai dara-daran idanu, kuma Allah ya yi ta da dariya. In ta ƙyalƙyale har bakin rijiya ana ji. Ban taɓa ganin aibinta ba sai ranar. Ranar na ga ashe tafiyarta da yanga, ashe kallabinta kullum a karkace yake da gangan. Ina kallo ta rako shi har waje, tsingaron a hannunta, ta turo baki tana hura garwashin a hankali, shi kuma ya tsaya yana mata magana ƙasa-ƙasa. Mutumin da ba ya iya magana uku a gabana, ga shi ya zama maroƙi. Na koma madafa na tono garwashina guda uku na sheƙa musu ruwa.

Kasuwa ta biyu haka, ta uku haka. Na rame. Tuwo in na kai baki sai in ji kamar ƙasa. Gwaggo Hauwa kuwa ta samu abin yi, ta ce ai dama ta faɗa, namiji irin wannan inda ya ga hayaƙi nan yake shiga. Na saci kallon Inna ko za ta ce wani abu, ta ci gaba da tsince wakenta kamar ba ta ji ba.

A cikin haka aka yi shela cewa za a yi bikin 'yanci a Gazawa, kowa ya zo. Saura kwana huɗu Lantana ta shigo gidanmu, hannu ya sha lalle, tana taunar goro.

"Nomau ya ce in gaishe ki. Ya ce kau ki tambayi Inna, kaskon zai iya tahiya Gazawa ranar biki? Raga ta samu, kuma rago guda zai yanka."

"Shi ba shi da baki?"

Ta kwashe da dariyar nan tata, ta dafa kafaɗata. "Ke dai Tala kin iya ɓoye abu a ciki."

Na ture hannunta na ce ta faɗa masa kasko na nan, wanda ya ga dama ya zo ya ɗauka. Ta fita tana dariya, ni kuwa na tsaya ina jin kamar in bi ta in tsinke mata murjanin wuya. Wato har saƙonsa gare ni ma sai ya bi ta bakinta.

Da na gaya wa Inna, ta je rumfa ta shafa kaskon, ta kara kuncinta a jikinsa. Ta ce ya sha sanyin damina har ƙashi, in aka cika masa wuta tashi guda zai tsage. Sai an saba masa da wuta kwana uku. Ranar farko ƙaiƙayi kawai, hayaƙi ya ratsa shi daga safe har la'asar. Rana ta biyu kara da busasshen kashin shanu. Ta uku gawayi tafi ɗaya, a kunna da garwashi guda, kada a yi fifita, a bar shi ya ci da kansa har ya mutu. Ita tana da noman gonarta da ciyawa ta ci ƙarfinta, don haka aikin nawa ne.

Na rantse muku da niyyar yi na tashi. Na ɗebo ƙaiƙayi cike da ƙwarya, na jawo kaskon tsakar gida. Ina durƙusawa na ji muryarsa ta bayan darni, alhali ba ma ranar kasuwa ba ce. Na lallaɓa na leƙa. Yana miƙa wa Lantana ƙunshin kilishi, tana noƙewa tana karɓa, sai ta faɗi wata magana, ya rufe fuska da hula yana dariya.

Ban san sanda na watsar da ƙaiƙayin wa kaji ba. Na ɗauki ciyawa damƙi ɗaya na ƙona a cikin kaskon, minti nawa ne, ta cinye. Na kankaro baƙin gindin tukunyar tuwo na shafe cikinsa tas, na barbaɗa toka. Washegari na sake, rana ta uku na sake. A raina cewa nake, tunda wutar gidan su Lantana ce mai daɗi, to ta kama masa kaskon mu gani. Abin da na hango 'yar tsaga ce kawai, ta yadda dole ya dawo da shi gidanmu gyara, ya durƙusa a gabana, in sha kunu in ja masa rai. Da Inna ta dawo gona a gajiye ta leƙa ta ga baƙi, ta ce na yi? Na ce na yi. Ba ta ko duba ba, don ban taɓa yi mata ƙarya a kan yumɓu ba.

Ranar biki muka kama hanya bayan sallar asuba, kaskon a kan jaki cikin mangala an naɗe shi da ciyawa. Inna ba ta je ba, ni da Gwaggo Hauwa muka bi ayari. Na ɗaura saƙina baƙi mai ratsin ja, na yi kitso sabo, tozali raɗau, na zuba murjanin Inna har uku a wuya. Da na ga Lantana cikin atamfa mai ganye-ganye da awarwaro suna kacau-kacau, sai na ji nawa adon ya koma na zuwa gona.

Gazawa ta cika maƙil. An kafa sabuwar tuta a doguwar sanda, 'yan lakol, wato 'yan makaranta, sun yi layi suna rera abin da aka koya musu, jandarma biyu na korar mutane baya, masu kalangu na ta kai da kawowa. An yi ruwa da daddare, ƙasa duk caɓi. Nomau ya zaɓi gindin wata tsamiya ya kafa kaskon a kan duwatsu uku, nan da nan mutane suka zagaye shi, don ba a taɓa ganin irinsa ba. Wani dattijo ya shafa zanen bakinsa ya ce wannan hannun ya iya. Kaina ya yi girma, har na manta abin da na yi.

Gawayin ya yi sanyi, don haka Nomau bai yi garaje ba. Ya zauna ya tsince shi, manya ya jera su a kewaye kamar mai ginin rumbu ya bar rami a tsakiya, ƙanana ya zuba a bakin ramin. Ya yago tsumma ya cuɗa shi da kitsen rago ya cusa a ciki, ya karya karan gero ya gicciya. Sai ga Haladu ya turo kekensa cikin mutane, ya zaro kwalbar kananzir, ya ce yau ranar zamani ce, a bar wahala, a tsiyaya wannan a ƙyasta ashana a huta. Nomau ya yi masa godiya, ya ce naman da ya ji warin kananzir ko kare sai ya yi shawara. Aka yi dariya, Haladu ya mai da kwalbarsa yana duba agogo.

Saura garwashi. Ina tsaye a gabansa, tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba, amma kafin in motsa Lantana ta ce akwai gidan ƙanwar uwarta nan kusa. Ta ruga ta dawo da jan garwashi a tsingaro. Ya ce madalla Lantana, ya karɓa ya jefa a ramin, ya miƙa mata faifansa. Ta durƙusa a bakin 'yar ƙofar da na fafe da hannuna tana fifita, awarwaronta na kaɗawa. Kitse ya kama, kara ya kama, gawayi ya fara tartsatsi. Kaskon na jan iska kamar zuga-zugin maƙera, mutane sai sambarka suke. Ni na gina, ita ake kallo.

Nomau ya jawo buhun gawayi, sai ya tsaya. Ya juyo wajena, idonsa a ƙasa. Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin sati uku.

"Tala, an saba mai da wuta ko?"

Masu karatu, nan ne wurin. Kalma ɗaya ta isa ta tsai da komai, kuma ta zo har bakina. Sai na dubi Lantana, gumi na bin goshinta, faifansa a hannunta, tana yi mini murmushi.

"An saba," na ce.

Ya juye rabin buhu, ya ɗora raga, ya shimfiɗa naman rago guda a kai. Ƙamshi ya tashi, mai kalangu ya matso yana yi masa kirari. Ni kaɗai na ji ƙaramin ƙas ɗin farko, don 'yar mai tukwane ba ta ɓata wannan sautin. Na buɗe baki ke nan, sai kaskon ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya rabe uku. Raga ta kife, nama ya zube cikin caɓi da toka, garwashi ya watsu, Lantana ta kurma ihu. Wuta ta zubo mata a ƙafa.

Nomau ko kallon namansa bai yi ba. Ya faɗi a gwiwa ya share garwashin daga ƙafarta da tafin hannunsa, ya yage hannun rigarsa ta biki ya miƙa wa mata su ɗaure mata. Mutane kuwa sun fara. Wani ya ce ginin wa ne, wata ta ce na Delu ta Gangara, wani ya ce ashe tsufa ya kama hannun Delu, a daina sayen tulunta kada ya fashe wa mutum a ka. Sunan da Inna ta yi shekara talatin tana ginawa, ga shi ana wasa da shi a kasuwar Gazawa, ina tsaye kamar an dasa ni.

Sai Nomau ya miƙe, hannunsa duk ya tashi da ƙuna. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kada wanda ya sake kama sunan surukata a wurin ga. Gininta ba shi da aibi. Ni na yi garaje na cika mai wuta, laihina ne."

Surukata? Na tsuguna kusa da Lantana ba don tausayi ba, don kada in faɗi. Ta dube ni da hawaye a fuska, ta ga yadda na yi, sai ta riƙe baki.

"Wai da gaske ba ki sani ba? Baffansa Labo ya kai goro wurin Babanku sati ukku ke nan. Baba ya amsa, ya ce a yi shiru sai ya shawo kan Gwaggo. To da wane ido zai shiga shi durƙusa gaban murhun Inna yanzu? Ni na zaci kunya ce ta sa kike basarwa."

Ta ce duk tsayuwar nan da suke yi zancena ne, me na ci, me na ce, na yi fushi ko ban yi ba, har kunnenta ya gaji da sunana. Kilishin ma nawa ne, ta kawo ta tarar na sha kunu ta ji tsoro ta koma da shi. Ya kamata in rungume ta in yi kuka ko? To ku ji halin zuciyata. Abin da ya fara zo mini shi ne, wato Lantana ta riga ni sanin aurena, kuma ga hannun rigarsa ɗaure a ƙafarta. Kunyar ta zo daga baya, ita ce ta rako ni har Gangara.

Washegari da hantsi Gwaggo Hauwa ta shigo kamar za ta tashi sama. Ashe ta tsinto ɓallen kaskon ta ƙulle a bakin zane. Ta dire shi gaban Inna, ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga zaure. Ta ce an ɓoye mata magana, to ga sakamako. Yaron da ya amsa da bakinsa cewa garajensa ya jawo wa gidan nan zagi a gaban duniya, ya ƙona 'yar mutane, shi za a ba wa 'ya? Ta aika a kira Labo, yau ɗin nan Baba ya mai da musu goronsu. Na san halin Baba, wannan karon an fi ƙarfinsa.

Inna ta sunkuya. Ta ɗauki ɓallen ta juya shi, ta duba bakin karayar, ta lashi yatsa ta goga a cikinsa. Baƙin ya fita a yatsanta, jan yumɓu ya bayyana fes kamar ranar da aka fito da shi daga gashi. Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta ce in biyo ta ɗaki.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ajiye ɓallen a tsakaninmu ta yi magana a hankali.

"Yaron ga ya ɗauki laihin da ba nashi ba don shi ruhe mini asiri, kuma a kan shi za a hana mai aure. In kin yi shiru, kin rasa shi. In kin hwaɗa, zai san wadda zai aura, sauran kuma tsakaninku ne. Ni dai ban yin shaidar ƙarya a kan yumɓu. Ke za ki hita ki gaya musu, ko ni?"

Muna cikin haka muka ji sallamar Baffa Labo a zaure, Baba ya amsa, aka shimfiɗa tabarma. Sai wata muryar ta biyo baya, wadda na fi sani a duniya, a dashe kamar mai mura.

"Baba, kahin a yanke magana ina roƙon arziki. Ni ma na kwana da ɓallen kaskon nan a hannuna, na goga yatsa a cikinsa. A ce da Tala ta zo, tambaya guda zan yi mata."

Inna ta ɗaga labule ta tsaya tana jirana.